Jan zobe a cikin ƙwai

Tun ina yaro nake ganin kakata tana zuba wa kaza ƙwan zabi ta yi kwanci a kai, kuma a tunanina ƙwai ba ya fara komai sai ranar da kaza ta hau shi. Da wannan tunanin na shiga karatun kiwon dabbobi, da shi kuma na yi ɓarnar da har yau take cina.

A shekarata ta uku aka ɗora mini tara ƙwan da za a sa a injin ƙyanƙyasa. Watan Afrilu ne, zafi yana haura digiri 40 da rana, ni kuwa na jera su a ɗaki mai rufin kwano fiye da mako ina jiran tire ya cika. Bayan sun yi kwanaki a inji, ranar da muka haska su da tocila, maimakon jijiyoyin jini su bazu kamar saƙar gizo-gizo, sai jan zobe muka gani a yawancinsu, alamar tayin ciki ya mutu. Malam ya ɗaga ɗaya ya ce, "Wannan tun a ɗakinka ya fara girma. Zafi ya tashe shi, dare ya tsayar da shi, ya iso inji a galabaice."

A ranar na fahimci abin da na haddace ba tare da ganewa ba. Tun a can saman hanyar ƙwai tayi yake samuwa, kafin fari da ɓawo su lulluɓe gwaiduwa. Cikin awa 25 ko makamancin haka da ƙwai yake yi yana gangarowa, farin ɗigon nan na kan gwaiduwa yana ta rabuwa, har ƙwayoyinsa su kai dubbai kafin kaza ta saka shi. Sanyi ne yake sa shi dakatawa. Idan ya samu ɗumin digiri 37.5 wanda ba ya yankewa, a yinin farko wani siririn layi yake bayyana, ƙwayoyin su riƙa shigewa ta cikinsa suna jeruwa hawa uku: na sama ya ba da fata da ƙwaƙwalwa, na tsakiya ƙashi da tsoka da jini, na ƙasa cikin hanji da huhu. A kwana na 2 zuciya ta fara bugawa.

Na ga wannan zuciyar da idona a ƙwan kwana 3 da muka fasa. Ɗan jan ɗigo ne da bai wuce ƙwayar gero ba, ga shi yana harbawa, alhali babu baki, babu gashi, babu abin da za ka kira tsako. Subhanallahi kawai na iya faɗa, sai na tuna waɗancan da suka zama baragurbi a hannuna.

Yanzu a gindin randa nake ajiye ƙwan da zan sa wa kaza, inda ƙasa take da sanyi. Kowanne ina rubuta masa rana da fensir, wanda ya wuce kwana 7 kuwa tukunya yake tafiya.