Gwiwar da ta ƙi lanƙwasuwa

Talata, da dare.

Yau wata huɗu cif da hatsarin babur ɗin nan, kuma har yanzu a kan kujera nake salla. Da safe na je gashin ƙashi, mai yi mini gashin ta danna gwiwar har sai da hawaye ya zubo mini, amma ko rabin lanƙwasuwa ba ta yi ba. Na dawo gida raina a jagule, ko abincin rana ban iya ci ba.

Bayan la'asar ƙanwata ta shigo da wayarta, ta ce, "Yaya, karanta wannan, don Allah." Labarin Betty Robinson ne, wata 'yar Amurka. Wani malaminsu ne ya hango ta tana sheƙa gudu don ta cimma jirgin ƙasa, ya ce ta zo a gwada ta. A 1928 ke nan. Wata huɗu bayan gasarta ta farko sai ga ta a Amsterdam, a Olamfik na farko da aka bar mata suka yi tsere, ta cinye mita 100 cikin daƙiƙa 12.2. Shekararta 16 kacal.

Inda na tsaya na ajiye wayar shi ne 1931. Ƙaramin jirgin sama ya faɗo da ita kusa da Chicago. Mutumin da ya tsince ta ya ɗauka ta mutu, ya sa ta a but ɗin motarsa ya kai wa masu shirya gawa, can aka ga da sauran numfashi. Sai da ta yi kusan shekara biyu kafin ta iya tafiya sosai. Gasar Olamfik ta Los Angeles ta 1932 ta wuce ta.

Gwiwarta ba ta ƙara yarda ta durƙusa ba, kuma mai tseren mita 100 daga durƙushe take tashi. Wannan wurin na karanta shi sau uku. Sai ta koma tseren miƙa sanda, inda a tsaye ake karɓa. A Olamfik na Berlin a 1936 ita ce ta uku a jerin Amurka, ta miƙa wa Helen Stephens, mai gudun ƙarshe. Jamusawa ne a gaba, su da suka kafa tarihin duniya a zagayen share fage, sai sandar ta suɓuce musu a miƙawar ƙarshe. Na tausaya musu ƙwarai, wallahi. Amma Betty tana cikin filin lokacin da hakan ta faru, da ƙafar da ta taɓa kakkaryewa, ta koma gida da zinare na biyu.

Da magariba na ce wa Inna ta bar mini sandata a ɗaki. Na dafa bango na taka har bakin rijiya, na dawo. Taku 23, na ƙirga. Alhamis zan koma gashi.