Takardun hancin roba: inda kuɗin ke maƙalewa

Wanda aka cire wa hanci saboda ciwon daji, ko ya rasa shi a hatsari ko ta dalilin noma, cutar da ke cinye naman baki da fuska, sau da yawa sashen haƙori ake turo shi, don mu ke da kayan ɗaukar awo da ɗakin ƙira. Ƙera hancin bai taɓa ba ni wahalar da takardunsa ke ba ni ba.

Fayil ɗin farko da na tura wa wani kamfanin inshora a nan Kaduna, an dawo da shi da hujjar cewa aikin kwalliya ne. "Hancin roba" kawai na rubuta, kuma mai dubawa bai taɓa ganin majinyacin ba. Yanzu aikin da hancin zai yi nake bayyanawa: yana rufe ramin da tiyata ta bari, yana kare naman ciki daga ƙurar hunturu da bushewa, yana riƙe tabarau. Sai in haɗa takardar likitan da ya turo shi, rahoton tiyata, sakamakon gwajin nama in daji ne, da hotuna 3: gaba, dama da hagu, bayan majinyaci ya sa hannu ya amince. Lambar cuta ta ICD-10, wato tsarin lambobin cututtuka na duniya, ma tana da muhimmanci: Z90.0 ga rashin wani sashe na kai ko wuya, tare da ta asalin ciwon, kamar C30.0 ga dajin cikin hanci ko A69.0 ga cutar noma.

Ba na dama hodar ɗaukar awon fuska sai lambar amincewa ta zo a rubuce, ko majinyaci na ƙarƙashin NHIA ne, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ko KADCHMA, ta jihar Kaduna. Alkawarin waya ba ya shiga fayil. Silikon, robar da ake ƙera hancin da ita, na da tsada, kuma hancin da aka ƙera wa mutum ba ya zama a fuskar wani.

A lissafi, ina raba hancin wucin gadi da na dindindin, wanda sai bayan kamar wata 3 zuwa 4, idan rauni ya warke, ake yin sa. Ina kuma faɗin yadda za a maƙala shi, da gam ne, da tabarau, ko da maganaɗisu kan ƙarfen da aka dasa a ƙashi, domin kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Idan fom ya nemi lambar aiki irin ta Amurka, D5913 ce ta sabon hanci, D5926 kuma ta sauyi.

Batun sauyin nan shi aka fi mantawa. Rana da zufa da gam suna kashe launin silikon, gefensa ya yage cikin shekara 1 zuwa 2. Tun ranar farko nake rubuta wannan, tare da haɗin launin da na yi, sannan in adana mazubin da sunan majinyaci da kwanan wata. Idan ya dawo fuskar ba ta sauya ba, daga mazubin nan zan zuba masa sabo, ba sai an sake awo ba.