Ƙafa da kaya: abin da na koya a tattakin Santiyago

Na taka hanyar ziyarar ibada da ake kira Camino Francés, daga Saint-Jean-Pied-de-Port a kudancin Faransa zuwa Santiyago de Kompostela a arewa maso yammacin Sifaniya. Kimanin kilomita 780 ce, kuma yawancin matafiya sukan gama ta cikin kwana 30 zuwa 35. Waɗanda na ga sun karaya tun ba a je ko'ina ba, kusan dukansu a makon farko suka lalata ƙafarsu. Abu biyu ne ya kayar da su: nauyin kaya da gaggawa.

Ka ɗora jakarka a sikeli tun kana gida. Ma'aunin da matafiya suka saba da shi shi ne kada kaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinka, wato mai kilo 70 ya tsaya a kilo 7. Ka tuna ruwa ma kaya ne, kowace lita kilo guda ce. Jakar goyo mai cin lita 35 zuwa 40 ta isa, domin wadda ta fi haka sai ka cika ta da abubuwan "ko da za a buƙata". Abin da ya wajaba kaɗan ne: tufafin tafiya kala biyu masu saurin bushewa, safa ƙafa uku, rigar ruwa, rigar sanyi marar nauyi, jakar barci siririya, silifas, ƙaramin tawul, sabulu ɗaya na wanka da wanki, tocilan goshi, cajar waya, abin toshe kunne da kayan kula da ƙafa. Ka shimfiɗa babbar leda a cikin jakar kafin ka zuba kaya, saboda murfin ruwa na waje ba ya hana ruwan saman Galisiya, yankin da Santiyago yake, bin bayanka ya shiga. Wanda ya riga ya taho da kaya fiye da kima, gidan wayan Sifaniya yana karɓa ya aika masa gaba zuwa Santiyago.

Yadda ake goya jakar ma yana da ƙa'ida. Kaya mai nauyi ya kwanta kusa da gadon baya. A fara ɗaure bel ɗin ƙugu ya zauna daram a kan ƙashi, sannan a ja na kafaɗa. Idan da yamma kafaɗunka ke zafi, ƙugu bai karɓi aikinsa ba.

Takalmi kuwa, ka saye shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da irin safar da za ka yi tafiya da ita. Ya zama akwai fili kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin, don ƙafa tana buɗewa bayan kwanaki ana taka ta. Ka yi makonni kana yawo da shi da jakar a baya. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne kwana uku a jere, kilomita 15 zuwa 20 kowace rana. Tafiyar yini ɗaya kowa zai iya. Safiyar rana ta uku ce ke nuna inda takalmi yake ci da inda jiki yake da rauni. Safar auduga tana riƙe gumi, ka nemi ta ulu ko ta zaren roba. Ka yanke farce kafin tashi.

Bororo, wato fata ta ɗuri ruwa, abu uku ke haɗuwa su kawo shi: guga, danshi da zafi. Kafin ya fito yakan yi sallama. Za ka ji wani wuri a dunduniya ko gefen yatsa yana ɗan ɗumi kamar an ɗora masa garwashi daga nesa. A nan take ake tsayawa, ko da saura kilomita ɗaya a isa gari. Ka cire takalmi, ka share ƙafar ta bushe, ka manna filasta a wurin ba tare da ta tattare ba. Minti biyar ɗin nan yakan ceci mako guda. Duk bayan awa biyu ka zauna ka cire takalmi da safa, ka sauya busasshiya, ka maƙala jiƙaƙƙiyar a bayan jaka da fil ta sha iska. Wasu suna shafa basilin da safe, wasu suna sa siririyar safa a ƙarƙashin mai kauri. Duka suna aiki, sai dai ka gwada tun a gida.

Idan ya riga ya fito kuma ƙarami ne, a rufe shi a ƙyale shi. Babba mai hana taka ƙasa, a wanke hannu da wurin, a huda gefensa da allura mai tsabta, a matse ruwan a hankali, a bar fatar saman a inda take domin ita ce murfinsa, a sa aidin a rufe. Za ka ga masu ratsa zare ta cikinsa su bar shi ya kwana. Ban yarda da wannan ba, hanya ce aka buɗe wa ƙwayoyin cuta. Ja da ke yaɗuwa, mugunya, zafi mai bugawa ko zazzaɓi, waɗannan na asibiti ne a ranar. Mai ciwon suga kuwa kada ya huda da kansa ko kaɗan.

Ranar farko ta wannan hanya tana cikin mafiya wuya, kuma tana zuwa ne lokacin da jiki bai saba ba. Daga Saint-Jean zuwa Roncesvalles kimanin kilomita 25 ne a kan duwatsun Firenis, da hawan da ya haura mita 1,200. Ana iya raba ta biyu a kwana a Orisson, kusan kilomita 8 daga mafari, amma gadajensa kaɗan ne, sai an kama wuri tun da wuri. Hanyar saman dutsen a rufe take daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, sai a bi ta Valcarlos. Wannan doka an kafa ta ne saboda rayuka sun salwanta a can cikin hazo da ƙanƙara, kada a yi wasa da ita.

Mutane suna tsoron hawa, alhali gangara ce ke cin gwiwa da farce. Gangaren shiga Zubiri, da na Alto del Perdón bayan Pamplona mai tsakuwa masu mirginawa, da doguwar saukar daga Cruz de Ferro zuwa Molinaseca, nan ne ake jin jiki. Kafin ka fara sauka ka ƙara ɗaure igiyar takalmi a wuyan ƙafa don kada yatsu su riƙa dukan gaba, abin da ke sa farce ya yi baƙi ya faɗi ke nan. Ka gajarta taku, kada ka sandare gwiwa. Sanduna biyu suna rage wa gwiwa aiki sosai. A fili a saita tsawonsu yadda gwiwar hannu za ta yi kusurwa daidai, a gangara a ɗan ƙara musu tsawo.

A makon farko kada ka wuce kilomita 20 zuwa 22 a rana in da hali, kuma kada ka bi saurin abokin da ka haɗu da shi. Sannu ba ta hana zuwa. Tsoka tana sabawa da wuri, jijiya ce ke ɗaukar lokaci, shi ya sa ciwon gaban ƙwauri yakan bayyana daidai lokacin da mutum ya fara jin ya yi ƙarfi. An fi ganinsa a shimfiɗaɗɗen filin Meseta tsakanin Burgos da León, inda hanya ta miƙe mutum ya riƙa buɗe taku. Maganinsa hutun kwana biyu ko uku, da ƙanƙara, da sassauta igiya a saman ƙafa. Shan maganin kashe zafi a ci gaba da tafiya yana rufe bakin ciwon ne yana ƙara shi. Don haka ka ware kwana uku ko huɗu na rara a lissafinka tun kafin ka sayi tikitin komawa.

A Meseta ɗin ne kuma ake koyon lissafin ruwa. Daga Carrión de los Condes zuwa Calzadilla de la Cueza kilomita 17 ne babu ƙauye, inuwa ma kaɗan. Lokacin zafi a fita da asuba da lita biyu, a riƙa kurɓa kafin ƙishi ya zo. Fitsari ya yi duhu, ruwa ya yi kaɗan. Famfon da aka rubuta wa "no potable" ba na sha ba ne. Shaguna a ƙauyuka sukan rufe da tsakar rana da kuma ranar Lahadi, sai a sayi guzuri tun da sauran lokaci, a kuma riƙe tsabar kuɗi. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce.

Kibiyoyi masu launin rawaya ke nuna hanya, aikin da limamin cocin O Cebreiro, Elías Valiña, ya fara a shekarun 1980. Idan ka yi minti goma ba ka ga kibiya ko alamar ƙwanson teku ba, koma inda ka ga ta ƙarshe. An fi ɓata a cikin birane da kuma duhun asuba.

Yawancin masaukan maziyarta, albergue, ba sa karɓar mutum sai da takardar maziyarci da ake kira credencial, wadda ake buga wa hatimi a hanya. Na hukuma yawanci wanda ya riga zuwa shi ke samun gado, kwana ɗaya tak, ana rufe ƙofa wajen ƙarfe 10 na dare, a fita kafin 8 na safe. Da isarka ka yi wanka da wanki don kaya su bushe kafin rana ta faɗi. Ka haska ɗinkin katifa da tocila, ɗigo-ɗigon baƙi alamar kuɗin cizo ce, kuma kada ka ɗora jaka a kan gado. In sun shiga kayanka, ka gaya wa mai masauki, a wanke komai a zafin digiri 60.

Daga Sarria, kimanin kilomita 115 kafin Santiyago, jama'a takan ninka, domin takardar shaidar kammala ziyara, wato Kompostela, tana buƙatar tafiyar aƙalla kilomita 100 a ƙafa. A wannan zangon a kama gado a masaukan da ba na hukuma ba tun kwana ɗaya kafin isa, kuma a tabbata an buga hatimi biyu kowace rana da kwanan wata, don su ne ofishin maziyarta zai duba.