Esbjerg, garin masuntan da ban samu kifi ba

Wallahi har yanzu abin yana ci min rai. Wani abokin karatuna ɗan Denmak ne ya yi ta cika min baki wai Esbjerg garin masunta ne, kakansa ma a jirgin su ya tsufa, ni kuma kwaɗayin ɗanyen kifi mai araha ya dame ni, na ɗau kula na hau jirgin ƙasa daga Kofenhegen, tafiyar wajen awa uku, kuɗin tikiti kam kar ma a yi maganarsa.

Ina isa bakin tashar jiragen ruwa sai shinge, sai injinan ɗaga kaya, ga fukafukan injin lantarki na iska nan a kwance jere, wasu sun kusa tsawon filin ƙwallo, ana jiran a loda su a kai tsakiyar teku. Kifi fa? Ko ƙarninsa ban ji ba. Ashe labarin zamanin kakansa yake ba ni.

A gidan tarihin kamun kifi da sufurin ruwa na garin na gane zancen. Garin ma ba tsoho ba ne, bayan Denmak ta sha kashi a yaƙin 1864 ta rasa yankunanta na kudu, sai a 1868 aka yanke shawarar gina tasha a nan don tura kaya Ingila, su man shanu da naman alade. Su ya bunƙasa daga baya, wajen 1970 jiragen masunta sun kai 600, sannan man fetur da iskar gas na Tekun Arewa suka karɓe gari, yanzu kuma iska ce ke ciyar da su. Horns Rev, tashar lantarki ta iska da aka kafa a teku kusa da garin a 2002, injina 80 ne a cikin ruwa. Na jinjina musu gaskiya, amma ni kifi na zo saye.

In za ka je, sayi tikiti da wuri, ya fi sauƙi sosai, kuma ka sa rigar da ke tare iska don wajen wasu gumaka huɗu farare masu tsayin mita 9 da ke zaune suna kallon teku iskar ta kusa tafiya da hulata. Jirgin fito zuwa tsibirin Fanø minti 12 ne, ya cancanci kuɗinsa. In kuwa kifi ne ya fito da kai, wuce arewa zuwa Hvide Sande ko Thyborøn, can ake gwanjonsa har yanzu, kuma da sassafe ake yi.