Ashe ba kowane zazzaɓin sauro ne maleriya ba

Sati uku kenan da sallamar ƙanina daga asibiti amma wlh har yanzu abin na raina. Da zazzaɓi da ciwon kai ya fara, mu kuwa a Rigasa damina ta sauka kwata ta cika da sauro, kowa ya ce maleriya ce, aka yi ta allurai a kemis har kwana huɗu, sai ga yaro yana sambatu, wuya ya sanƙare, da asuba ya kama jijjiga. Hajiya kam cewa ta yi iska ne.

A asibiti aka ɗebi ruwan ƙashin bayansa, likita ya ce kumburin ƙwaƙwalwa ne, yana zargin bairos ɗin Yammacin Nilu, wanda aka fara ganowa a Uganda a 1937, sauro ke ɗauko shi daga jikin tsuntsaye. Na ce to likita wane magani za mu saya ko nawa ne, ya ce ai babu maganin da ke kashe wannan ƙwayar kai tsaye. Jikina ya yi sanyi.

Duk da haka sun fara masa seftiriyazon ko da sanƙarau ne, da asiklobir don kar ya zama bairos ɗin hafis ne, wanda shi ma yake kumbura ƙwaƙwalwa amma yana jin magani. Sauran kuma riƙon jiki ne kawai, ƙarin ruwa, farasitamol, diyazefam in jijjiga ta taso, abinci ta tiyon hanci, ana juya shi kar gado ya ci shi.

Alhamdulillah ya tashi, sai dai ƙafar hagu har yanzu janta yake, ran Litinin za mu koma gashi.