Baƙar Alkyabba a Dublin

Watanmu huɗu da sauka a Dublin, babban birnin ƙasar Ayilan, inda na samu aikin jinya, sai ɗana mai shekara takwas ya dawo daga makaranta da takarda a hannu. An rubuta cewa ranar Juma'ar da za a tafi hutun tsakiyar zango kowane yaro zai iya zuwa da shigar da ya ga dama, saboda bikin Halowin na ranar 31 ga Oktoba. A lokacin garin ya riga ya canza kama: kabewa da aka fafe aka yanka mata ido da baki tana ƙofar gidaje, ƙwarangwal na roba yana rataye a shagon da nake sayen madara, ga duhu da ke rufawa tun wajen ƙarfe shida. Na tambaye shi shigar me yake so, ya ce ta bamfaya, ya kuma nuna mini ita a kanti: baƙar alkyabba mai jan shafi, fiƙoƙi biyu na roba, da 'yar kwalbar jinin ƙarya.

Da daddare na kira mahaifiyata a waya, na yi mata bayani cewa bamfaya gawa ce da ake cewa tana fitowa daga kabari tana shan jinin mutane. Ta yi salati, ta ce, "Maye ke nan. Ke yanzu maita za ki koya wa jikana?" Na ce, "A'a Inna, wasa ne irin na tashe." Amma ni kaina ban gamsu da amsar ba, domin maye a wurinmu rayayyen mutum ne da ake zargi da kama kurwa, kuma kalma ce da ke kashe aure, ta kori mutum daga unguwa, ba wadda yaro ke ɗauka ya yi wasa da ita ko da a watan azumi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda mutane suka mayar da abin tsoronsu kayan yara.

Maƙwabciyata, wata tsohuwa da ta koya mini yadda ake rarraba shara, ita ta gaya mini cewa Bram Stoker, wanda ya rubuta littafin Dirakula, labarin wani bamfaya, a 1897, a unguwar Clontarf aka haife shi a 1847, unguwar da bas ɗina ke ratsawa kowace safiya. Daga nan na nufi laburaren unguwarmu.

Ashe bamfaya na asali ba shi da alkyabba, ba shi da sarauta. A 1725, a ƙauyen Kisiljevo na ƙasar Sabiya, manoma suka tono gawar wani maƙwabcinsu da suke zargi da mutuwar mutane, suka tarar ba ta ruɓe ba, ga jini a bakinta, sai suka soke ta da tsinin itace suka ƙone, a gaban jami'in daular Ostiriya wanda ya rubuta rahoto. Wanda ya yi aikin asibiti ba zai yi mamakin abin da suka gani ba: iska kan taru a cikin gawa ta kumbura ta, ta turo ruwa mai kama da jini ta baki, fata kuma ta janye har farce ya yi kamar ya ƙara tsawo. Wato abin da ake tsoro a lokacin talaka ne jajir, kumburarre, cikin likkafani. Wani likita, John Polidori, shi ya naɗa masa sarauta a wani labari da ya rubuta, wanda ya fito a 1819, ya mayar da shi basarake fari fat mai shiga taron manya.

Shi kansa Dirakula na cikin littafi bai yi kama da na kanti ba. Tsoho ne dogo mai farin gashin baki, da baƙaƙen tufafi tun daga sama har ƙasa, da gashi a tafin hannu, kuma yakan yi yawo da rana tsaka a Landan. Wani fim na Jamus na 1922, wanda aka ɗauko daga littafin ba da izini ba, shi ne ya sa hasken rana ya zama ajalinsa, ya kuma ba shi sanƙo da haƙoran gaba irin na ɓera. Matar Stoker ta kai ƙara, kotu ta ba da umarnin a lalata fim ɗin, amma wasu kofe suka tsira. Ita kuwa alkyabbar da ɗana ya ƙwallafa rai a kanta, daga dandamalin wasan kwaikwayo ta fito. A 1924 wani ɗan Ayilan, Hamilton Deane, ya mayar da littafin wasan kwaikwayo, ya sa wa Dirakula kwat irin ta liyafar dare da alkyabba mai tsayayyen wuya, domin idan ɗan wasa ya juya wa 'yan kallo baya wuyan ya ɓoye kansa, ya sulale ta wata ƙofa da ke daɓen dandamali, alkyabbar ta zube ƙasa kamar mutumin ya ɓace. Na yi dariya ni kaɗai a laburare da na gano cewa wuyan da ake sayarwa yau a matsayin alamar firgici dabara ce ta rufe ido kawai. Fiƙoƙi da jan jini sun yi tashe ne daga 1958, lokacin da ɗan wasa Christopher Lee ya fito a matsayin Dirakula a fim mai launi. Bayan haka abin ya yi ta laushi: a 1972 ya zama 'yar tsana mai koya wa yara ƙirga a talabijin, a 2008 kuma saurayi ɗan sakandare wanda jikinsa ke ƙyalli a rana.

Akwai wuri guda a littafin da na karanta sau biyu. Dirakula baƙo ne mai shirin ƙaura zuwa Ingila. Ya tara littattafan Ingilishi, har da jadawalin jiragen ƙasa, yana kuma damuwa cewa da zarar ya buɗe baki a titin Landan za a gane shi ba ɗan gari ba ne. Ya taho da akwatuna hamsin na ƙasar garinsu, domin ba ya iya kwanciya a kan wata ƙasa daban. Ni da na taho da jaka cike da kuka da daddawa da yaji, wadda kuma majinyata ke sa ni in maimaita magana sau biyu, ban ji daɗin wannan kamanni ba, domin a bayyane yake cewa wani ɓangare na tsoron da aka gina labarin a kai tsoron baƙo ne. Ɗan wasa Bela Lugosi, wanda ya fito da shigar a dandamali a New York a 1927 da kuma fim ɗin Dirakula na 1931, shi ma ɗan ƙaura ne daga Hangari; karin harshensa ya zama muryar Dirakula, ya kuma ɗaure shi a irin wannan rawa har ya mutu a 1956, aka binne shi da alkyabbar.

Muka yi shawara da maigida, muka tsaya a kan cewa yaro zai je makaranta da shiga kamar sauran, amma ba jini, ba fiƙa, ba bin gidaje da dare. Na farke wata tsohuwar abayata, na yi mata shafi da jan gyale, na cusa kwalin madara a wuyan don ya tsaya. Ya gwada a gaban madubi, ya ɓata rai, ya ce, "Umma, ai ba haƙora." Na ce masa wanda ya fito a fim ɗin 1931 ma ba a ga fiƙarsa ba. Da ya dawo da yamma, wuyan ya karye gefe guda saboda ruwan sama, ya ce malamarsu ta yaba ɗinkin, sannan ta tambaye shi ko shigar alƙali ya yi.