Zama a Kartahena, garin da aka taɓa hana baƙar mace sa gwal

Aikin maigidana a tashar jiragen ruwa ne ya kawo mu Kartahena, a bakin tekun Kolombiya. Zafi bai dame ni ba, ni da na tashi a Kano, sai dai gumin nan da ba ya bushewa. Abinci ma ban sha wuya ba: shinkafar kwakwa, soyayyen kifi da agada. Abin da ya ɗauke ni lokaci shi ne gane matsayin da mutanen garin suka ajiye ni.

A titi ba mai kallona sau biyu, baƙar fata ta cika garin. Amma ranar da na je duba gidan haya a Bokagrande, unguwar masu hannu da shuni, mai gadi ko tambaya bai yi ba, ya nuna mini ƙofar 'yan aiki. Da na ba maƙwabciyata labari, wata malamar makaranta, sai ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce abin ya samo asali.

A zamanin mulkin Sifaniya, nan ne ɗaya daga cikin manyan tashoshin da ake sauke bayin Afirka. Ɗa kuwa matsayin uwarsa yake bi: in baiwa ce, shi ma bawa ne, ko da ubangijinta ne ya haife shi. A 1571 Sarki Filib na II ya kafa dokar da ta hana baƙar mace, baiwa ko 'ya, sa gwal, lu'ulu'u ko siliki. Sai in 'ya ce kuma ta auri Basifaniye, sannan a bar mata 'yan kunne da sarƙar wuya. Ni da aka jera mini gwal a lefe, wannan ta tsaya mini a rai. Wato har adon kunnen mace sai launin mijinta ya ba da izini.

Matan ba su naɗe hannu ba. Wasu sun yi ta sayar da abinci a titi suna tara kuɗi har suka fanshi kansu kaɗan-kaɗan. Akwai Paula de Eguiluz, mai magani, wadda kotun cocin Katolika da aka buɗe a garin a 1610 ta gurfanar har sau uku bisa zargin maita, alhali manyan gari suna neman magani a wajenta. Sai a 1851 aka yi dokar soke bauta, bayan Sifaniyawa sun daɗe da tafiya.

Yau matan Palenke, wani ƙauye da ke kusa da Kartahena, su ne ado na garin. Jikokin bayin da suka gudu ne, kuma ana danganta kafa ƙauyensu da Benkos Biyoho, wani jagoran bayin da suka gudu. Suna ɗauko 'ya'yan itace a kwano bisa ka kamar 'yan tallar gida, 'yan yawon buɗe ido na biyansu su ɗauki hoto. Ni dai mangwaro nake saye wajen wata dattijuwa. Tana gyara mini Sifaniyanci kyauta, amma ragin ko sisi ba ta yi mini.